Langar da Ke Tsallake Katanga

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata, Hajiya Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, tare da ladabi da biyayya irin na 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da haske da yalwa. Mu nan lafiya ƙalau muke, alhamdu lillahi. Jikokinki sun girma, babbar har ta fi ni tsawo, ta kuma gaji bakina, abin da na san ba zai yi miki daɗin ji ba.

Dalilin wannan takarda shi ne, makon jiya Rabi matar Yaya Kabiru ta kira ni a waya ta shaida min Allah Ya yi wa Iya Tabawa rasuwa, maƙwabciyarki ta bayan katanga. Mijinta Malam Inuwa ya daɗe da riga ta. Ita ce ta ƙarshe cikin waɗanda maganar da zan yi za ta iya sa su sunkuyar da kai, don haka yau bakina ya samu izini. Duk da haka na sauya sunaye, tunda na san ba ke kaɗai za ki ga takardar nan ba. Ke dai kin san su wa nake nufi.

Labarin zuwana gida na farko nake so in ba ki, wanda na yi a daminar shekarar da soja suka koma bariki, mulki ya dawo hannun farar hula. Tun da maigidana ya tafi da ni Ingila ban sake taka Kano ba, shi yana tsoron abin da alƙalaminsa ya jawo masa, ni kuma ina fama da goyo. A can labarin rasuwarki ya same ni, ina tsaye a kicin da ludayi a hannu. Sai da aka yi wajen shekara biyu da binne ki sannan na zo. Na shiga gidanmu na Mandawari na yi sallama, muryar da ta amsa ba taki ba ce.

Kafin in kai can, bari in tuna abin da ke kin fi ni sani, saboda masu karantawa.

Tun ina ƙarama, kullum bayan sallar magariba magidantan lungunmu a zaurenmu suke haɗuwa ciyayya. Kowa kwanonsa ya fito daga gidansa, a jera a tsakiyar tabarma, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Ba a tambayar kowa me ya kawo. Amma mai iyali ba ya zama hannu rabbana kullum. In ya jera kwanaki babu kwanonsa, da kansa zai nemo uzuri ya zauna a gida.

Malam Inuwa maɗinkin manyan riguna ne, aikin hannu, irin wanda mutum yake jira wata da watanni kuma bai ga an ɓata masa lokaci ba. Da yanar ido ta fara rufe masa gani sai allura ta gagare shi, ga shi Allah bai bar musu ɗa ko ɗaya a raye ba. Ke kika fara lura hayaƙi ya daina tashi daga gidan da yamma. Katangar ƙasar da ta raba madafinmu da tsakar gidansu tana da wani wuri da ruwan sama ya zaizaye, daidai kafaɗar babban mutum. A nan Iya Tabawa take ɗora langarta wayam bayan la'asar, mai zanen jan furen nan, da ƙaramin kwanon miya a ciki. In kin kwashe tuwo ki cika ki mayar. Da magariba langar ta fito ta ƙofar gidan Malam Inuwa, ta shigo zaurenmu a matsayin abincin gidansa.

Ranar da na kama ku ban wuce 'yar firamare ba. Kika kama kunnena kika murɗe, kika ce, "Ke gidan rediyo, wannan ba ta cikin labaranki. Ni da Tabawa da ke, sai Allah. In na ji ta a bakin wani, ko da Babanku ne, na san daga inda ta fita." Duk surutuna, Umma, wannan ɗayar na riƙe ta. Ko maigidana bai taɓa ji ba.

To, yammacin ranar da na sauka, ina zaune a tsakar gida 'yan sannu da zuwa sun ragu, sai na jiyo muryoyi daga zaure. Yaya Kabiru ya gaji tabarmar Baba, ciyayya ba ta mutu ba. Na gane muryar Alhaji Mudi mai goro, na gane ta liman, ana ta musun siyasa kamar gobe su za a rantsar. Na kasa kunne ina jiran dariyar Malam Inuwa, wadda take ƙarewa da tari, ban ji ta ba. Da Yaya ya shigo na tambaye shi. Ya ce, "Ai tun bayan rasuwar Umma ya daina fitowa. Ƙafa ce ta matsa masa. Mun yi mun yi, ya ce zaman tabarma ba ya yi masa."

Na waiwaya na dubi bayan madafi. Katangar bulo ce tsaye sumul, ko dogon mutum ya ɗaga hannu ba zai taɓa kanta ba. Daminar bayanki ce ta kayar da tsohuwar, Yaya ya gina wannan, har hoto ya aiko min na yi ta yabawa. Nan take na san babu abin da ya samu ƙafar Malam Inuwa. Mutumin da ya yi shekaru yana zama cikin sa'o'insa da mutuncinsa, ya koma ɗaki ya rufe kansa, kuma duk gidanmu ni kaɗai na san dalili. Ga shi hutuna gajere ne.

Washegari na fara zagayen dangi, domin wanda ya daɗe ba ya gari ba shi da ikon kansa. Duk gidan da aka yi rasuwa bayana sai na je ta'aziyya, duk inda aka haihu sai na je barka, ko da jaririn ya shiga makaranta. Da kina nan da ke za ki tsara min wa ke gaba wa ke baya. Da babu ke, sai na fara da Gwaggo Asabe ta Madabo, na san ita in aka tsallake ta har lahira sai ta kai ƙara. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kin yi fari kamar wadda aka ɓoye a tulu. Can ɗin babu rana ne, ko babu abinci?" Muna cikin dariya na tashi zan ɗauko mata tsaraba, sai dariyarta ta yanke. Wai tashina irin naki ne, da dafa gwiwa. Muka zauna muka yi kukanmu, sannan ta sa aka dama min fura ta tsare ni sai da na shanye.

A Yakasai na sami Hassana, ƙawata ta makarantar allo, wadda kike cewa ni da ita kamar zobe da yatsa. Ta zama shugabar matan jam'iyya ta unguwarsu, ɗakinta cike da atamfofi masu hoton 'yan takara. Kafin in gama gaishe ta har ta yi min alkawarin kujerar kansila a zaɓe mai zuwa. Ita ta raka ni yawo. Kududdufin da kike hana mu zuwa an cike shi an yi shaguna. Dakalin mai ƙosai yana nan, 'yarta ce a kan kaskon, hannunta irin na uwar wajen ƙanƙanta ƙosai. Lungunan da na sani da jakai da masu tallan nono, yanzu 'yan acaɓa ne suke kutsawa, sai ka manne da bango. A kasuwar Kurmi kuwa tun kafin in buɗe baki aka gane baƙuwa ce. Hassana ta ce laifin ƙafata ne, wai ina tafiya kamar wadda ta bar girki a wuta. Na ji daɗin yawon nan ƙwarai, amma duk inda na zauna rabin hankalina yana jikin katangar nan.

Da na shiga gidan Malam Inuwa gaisuwa, murhu na fara duba, halin da na koya a wajenki. Babu toka, kaza ma ta mai da shi wurin kwanciya. Iya Tabawa ta tsufa ta ƙanƙance, tana 'yar sana'ar daddawa, da ita suke samun na koko da na fura. Malam yana ɗaki a kan buzu da carbi. Da ya ji muryata sai ga shi ya miƙe tsaye cak, ya fito da sauri yana cewa, "'Yar gidan Hajiya ce? Lale, lale da mutanen Ingila." Sandar da yake dogarawa zuwa masallaci tana jingine can a bakin ƙofar waje, a cikin gida ba ya neman ta. Ya rame, Umma, amma ba ramar ce ta fi taɓa ni ba. Yadda ya riƙa tambayata labarin duniya ne, tambaya kan tambaya, irin ta mutumin da ya daɗe bai sami abokin hira ba.

Langar tana kan kantar jere a ɗakin Iya, an zuba tsofaffin zaruruwa a ciki. Na kalle ta, Iya ta ga na kalle ta. Sai da ta rako ni soro ta riƙe hannuna ta ce, "Uwarki ta tafi da rufin asirin mutane da yawa."

Daga nan sai na yi wautar 'yan Turai. Zaman can ya koya min cewa kowace matsala akwai shagon da ake sayar da maganinta. Na sa aka sayo buhun shinkafa da galan ɗin mai, mai baro ya turo su da rana tsaka, lungu cike da jama'a, ya sauke a ƙofar gidan. Na aika cewa tsaraba ce. Malam ya yi godiya, ya sa albarka har ya gaji. Kafin la'asar babu gidan da bai sami kasonsa ba a lungun. Ina zaune Rabi ta shigo da kwano cike da shinkafa ta ce, "Anti, in ji Malam Inuwa, wai tsarabar 'yarsa ce ta Ingila, kowa ya taɓa albarka." Na bi kwanon da kallo. Tsaraba na ce, shi kuwa ya yi mata abin da ake yi wa tsaraba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata.

Ranar a ɗakinki na yi sallar la'asar, na daɗe a kan dadduma. A nan wani abu ya faɗo min wanda na sha ji ina yarinya ban taɓa auna shi ba. Sau da yawa Baba yakan shigo daga zaure yana sakace, ya ce, "Hajiya, yau ma miyar gidan Malam Inuwa ta ka da taki." Ke kuma ko ɗaga kai ba kya yi, sai ki ce, "To Alhaji, sai ka koma can da zama." Tukunya ɗaya, ludayi ɗaya. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana cin girkinki ba zai kasa gane shi don an sauya masa kwano ba. Na yi dariya ni kaɗai, sai kuma hawaye. Ashe Baba ya sani, ya kuma san kin san ya sani, kuka rayu a haka babu wanda ya furta.

Wannan ya rage min nauyi, amma bai warware min matsala ba. Ni tafiya zan yi. Dole wani a gidan ya karɓi aikin, kuma ba zai karɓa ba sai an gaya masa.

Yaya Kabiru na fara tunani, na kuma yi saurin sauke shi. Kin san ɗanki. Zuciyarsa fara ce tas, amma alherinsa da ganga yake tafe. Da ya ji, a zaure zai tsaya gaban kowa ya ce daga yau abincin Malam a wuyansa yake, ya ga ya yi abin kirki. Daga ranar ko masallaci Malam ba zai ƙara fita ba.

Saura Rabi. Gaskiya, Umma, a lokacin ban san ta ba. Bayan tafiyata aka auro ta, na zo na tarar ta sauya wa tukwanenki wuri, ta matsar da randa, ga hannunta da nauyi wajen barkono. Raina dai bai so ba. Tana ce min Anti, ina ce mata amarya, muna gaisawa kamar surukai. Wannan ce zan danƙa wa maganar da kika murɗe min kunne a kanta. Na yi ta juya abin a raina. Na ga in na yi shiru na cika umarninki, tsoho kuma ya ƙarasa kwanakinsa a ɗaki. Na tabbata da za a ba ki zaɓi, kunnena za ki saki ki kama langa. Na ce Allah Ya sa na fahimce ki daidai, na tashi na fita.

Tana tankaɗen garin tuwo na same ta. Na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna, na gaya mata komai da murya ƙasa-ƙasa. Rariya ta tsaya a hannunta. Sannan ta ce, "Shi ya sa. Kullum ni nake tuƙa tuwo, amma in an zo kwasa sai Umma ta ce in je in duba yara. Ni kuwa na ɗauka ba ta yarda da kwasata ba ne." Ta goge ido da gefen zani ta ce, "Da ta rasu har awo na rage, ina jin daɗi wai na iya tattali." Shekaru yarinyar nan tana ɗauke da zaton ba ki gamsu da ita ba, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. A wurin na ji ta shiga raina, har yau kuma ba ta fita ba.

Sai maganar katanga. Na kawo shawarar tsani, na kawo ta guga da igiya. Rabi ta yi dariya ta ce Iya Tabawa ce za ta hau tsani, ko kuwa mutanen benen da ke kallon gidanmu ne makafi? Ta ƙofa kuwa ba zai yiwu ba, lungu ba ya rabuwa da ido. Ta kalli itacen da ke jibge a gefe, ta ce, "Anti, bar min wannan. Ke dai in kin ga ina tari, ki taya ni."

Damina ce, jiƙaƙƙen itace ba ya wuya. Daga ranar Rabi ta riƙa zaɓo wanda ya fi kowanne jiƙa, ba ta hura shi sosai sai daidai lokacin da Yaya yake dawowa daga kasuwa. Ya shigo ya tarar da gida ya turnuƙe, ita ido jawur, abinci ya makara, tuwo yana ƙaurin hayaƙi. Ta ce tun da aka gina katangar nan hayaƙi ba shi da mafita, taga take so. Yaya ya ce shekara nawa da ginin bai taɓa jin ƙorafi ba sai yanzu? Ta ce, "Haƙuri nake yi, Alhaji. Amma ga baƙuwa daga Turai, ƙirjinta bai saba ba." Ni kuwa na dage na yi tarin da ko a sanyin Ingila ban taɓa yin irinsa ba. Allah Ya yafe mana.

Da abin ya ishe shi ya yarda, amma ya ce taga ce za ta leƙa tsakar gidan mutane, sai da izinin mai gidan. Ya je ya dawo yana mamaki. Wai da ya faɗa, Malam Inuwa ya sunkuyar da kai har Yaya ya zaci ransa ne ya ɓaci, can ya ce, "Ku buɗe, Kabiru. Hayaƙin gidan Hajiya bai taɓa damun mu ba." Yaya ya faɗa mana haka yana karkaɗe hularsa, bai san abin da ya ɗauko ba. Ni da Rabi muka ƙi haɗa ido.

Ranar da magini ya zo na so a ce kina nan. Ya kafa tsani zai fasa can sama kusa da kwanon rufi, Rabi ta ce a'a, ƙasa, daidai kafaɗa, kuma da faɗi. Ya ce, "Hajiya, hayaƙi ai sama yake yi." Ta ce, "Na gidan nan ƙasa yake bi." Ya juya wajen Yaya yana neman ceto, Yaya ya ce, "Malam, yi mata yadda take so, ni dai in huta." Aka cire bulo, aka shafe bakin da siminti, aka sami wuri mai kyau wanda langa za ta zauna daram.

Sai dai langa ba ta zo ba. La'asar ta yi ta wuce, taga wayam. Washegari ma haka. Ni ga kayana har na fara haɗawa. Na ce zan shiga in yi wa Iya magana ƙiri-ƙiri, Rabi ta riƙe min mayafi ta ce, "Anti, da Umma suka saba, ni ba su san ni ba. In kika je kika faɗa, roƙo ya zama." Na zauna ina cin raina.

Da yamma ta yi, sai na ga ta je bakin tagar ta yi sallama, ta ɗaga murya kamar kowace maƙwabciya ta ce, "Iya, don Allah ko a san min daddawa? Na ɗora miya tawa ta ƙare." Tulin daddawa kuwa yana cikin gwangwani a bayanta, ina kallonsa. Shiru, shiru, har na fid da rai. Can sai muka ji takun Iya a hankali, sai ga jan furen nan ya leƙo ta taga. An juye zaruruwan, an wanke langar tas, ga ƙaramin kwanon miya a ciki, ga daddawa ƙulli guda a kansa. Kowa ya san ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam. Rabi ta cika ta da tuwon dawa, ta zuba miyar kuka har da tsokar nama, ta rufe ta ɗora. Hannun Iya ya fito ya ɗauke.

Da aka idar da magariba na je na raɓe a soron ciki, inda kike hana mu tsayawa in maza suna zaure. Aka shimfiɗa tabarma, kwanuka suka fara isowa. Na kasa kunne, domin cika langa daban, fitowar mai ita daban. Har an buɗe kwanon farko, sai na ji sallama, da ƙarar langa an dire ta a ƙasa. Alhaji Mudi ya ce, "A'a, Malam, ƙafa ta saki ke nan?" Ya ce, "Ta yi sauƙi, alhamdu lillahi." Liman ya ce a matsa masa wurinsa na jikin bango. Babu wanda ya ƙara tambaya. Kafin a kai kwano na uku har ya shiga musun siyasa, na ji yana cewa shi dai a sana'arsa abin da ya gani, soja ko farar hula, duk wanda ya hau sai rigarsa ta ƙara faɗi. Zaure ya ɗauki dariya, tasa ta fi ta kowa, ta ƙare da tarin nan. Na toshe bakina da mayafi na koma ciki.

Saura abu ɗaya da muka manta da shi, ni da Rabi, sai a lokacin ya faɗo mana: barkononta. Ko a cikin kwano ɗari aka ɓoye miyarta, mijinta zai tsamo ta.

Bayan isha Yaya ya shigo. Bai yi surutun da ya saba ba. Ya tsaya a tsakar gida ya dubi tagar, ya dubi Rabi, ya dube ni. Na ce a raina shi ke nan, yanzu zai ɗaga murya, ko ya juya ya tafi gidan Malam yin alherinsa mai ganga. Ya ɗauki buta ya tsuguna yana wanke hannun da ya riga ya wanke a zaure, ya daɗe yana wankewa. Sannan ya miƙe, bai kalli kowa ba, ya ce, "Rabi, daga gobe a ƙara awo. Kwanan nan abincin ba ya isa ta."

Ta ce, "To, Alhaji."

Har ya kai ƙofar ɗakinsa ya tsaya ya ce, "Barkonon kuma a sassauta. Cikina ba ya ɗauka yanzu." Ɗanki fa, Umma, mai barbaɗa yaji a kan yaji. Ya shige ya saki labule. Ban taɓa son Yaya kamar yadda na so shi a wannan lokacin ba, kuma ban taɓa jin kina kusa da ni kamar ranar ba, tun da aka ce min kin tafi.

Bai sake ta da maganar ba, ko da ni ko da matarsa, har yau da nake rubutun nan. Malam Inuwa bai ƙara fashin zaure ba sai da ciwon ajali ya kwantar da shi. Bayansa ma langar ba ta daina zuwa ba, Rabi ta ci gaba da cika wa Iya, har ranar da ta je bakin taga da la'asar ta tarar babu komai, ta yi sallama ba a amsa ba.

Ya Allah Ka jiƙan Ummata, Ka yalwata mata kabarinta, Ka rufa mata asiri ranar tonon asiri kamar yadda ta rufa wa bayinKa. Ka jiƙan Baba, Ka jiƙan Malam Inuwa da Iya Tabawa, Ka sada su duka a Aljannar Firdausi suna maƙwabta. Ka yi wa Yaya Kabiru da Rabi albarka, Ka sa 'ya'yansu su yi musu fiye da haka, kada Ka kashe wutar murhunsu. Mu kuma da muke nesa, Ka kyautata namu ƙarshen idan tamu ta zo. Amin summa amin.

Ki huta lafiya, Umma. Ina kewarki kullum, musamman da la'asar.

Ni ce 'yarki,
Balaraba